Darasi na Tara: Wankin Akurkin Katako da Yaƙi da Jan Ƙuma

Kaza takan sanar da mai ita cewa akwai matsala a akurki tun kafin ido ya ga komai. Magariba ta yi, kajin da suka saba shiga da kansu sai su tsaya a bakin ƙofa suna kai-komo, wasu su haye katanga ko reshen bishiya su kwana a can. Mai kwanci ta tashi daga kan ƙwai saura 'yan kwanaki ta ƙyanƙyashe, ta ƙi komawa. Ƙwai ya ragu, zanko ya koɗe, wanda ya shiga ɗebo ƙwai ya fito yana susar hannu da wuya. Amma in aka kama kazar da rana aka bubbuɗa gashinta, sau da yawa ko ƙwaro ɗaya ba a gani. A nan masu kiwo da yawa suke ɓata kuɗi: su sayo maganin mura, su sayo na tsutsar ciki, su barbaɗa wa kaza hoda, alhali mai laifin yana kwance cikin katako yana jiran dare.

A wannan darasi za mu koyi yadda ake gane jan ƙuma, da yadda ake wanke akurkin katako har ruwa ya kai ga maɓoyarsa, da dalilin da ya sa wanki ɗaya ba ya isa.

Ƙwaron da wurin zamansa

Masana suna kiransa Dermanyssus gallinae. Girmansa bai cika wuce milimita 1 ba, wato sai mutum ya kafa ido sannan ya gan shi yana tafiya. Babbansa ƙafa takwas gare shi, domin dangin kaska da gizo-gizo ne, ba shi da fiffike, ba ya kuma tsalle. In yana jin yunwa launinsa toka-toka ne. Sai ya sha jini yake komawa ja, daga baya ya yi duhu.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, wannan ƙwaro ba a jikin kaza yake zaune ba. Da dare yake fitowa, ya bi sandar da kaji ke kwana a kai, ya hau ta ƙafa, ya sha jini na kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, ya sauka ya koma tsagar katako. Can yake narkar da abin da ya sha, can yake barbara, can yake zuba ƙwai. Duk wanda ya taɓa fama da kuɗin cizo a gadon katako ya san wannan hali, ya kuma san ba mai kwana a gadon ake wa magani ba, gadon ake fitarwa rana a bi mahaɗansa da tafasasshen ruwa. Katako ya fi bulo da ƙarfe daɗin zama ga ƙwaron saboda yana tsagewa in ya bushe, kuma duk inda aka haɗa biyu da ƙusa an bar 'yar kafa da farce ba ya shiga amma ɗaruruwan ƙwari za su shige.

Ɓarnarsa ta shan jini ce da hana barci. Kazar da ake cizo dare duka ba ta hutawa, tana ta susa da fizgar gashi, ta rame, ƙwanta ya ragu. In abin ya yi yawa jini yakan ƙare mata har ta mutu, 'yan tsaki kuwa su ne kan gaba wajen mutuwa. Ana ganin ɗige-ɗigen jini a ɓawon ƙwai, inda ƙwan ya mirgina ya murƙushe ƙwarin da suka ƙoshi. An kuma tabbatar yana iya ɗaukar ƙwayoyin cuta irin su salmonela daga wannan kaza zuwa waccan. Mai kwanci ta fi kowa shan wuya, domin tana zaune wuri ɗaya mai duhu har kwana 21, ƙwarin ba sa ma jiran dare a kanta.

Lissafin kwana bakwai

In da ɗumi da laima, ƙwan jan ƙuma yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 2 zuwa 3. Ɗan da ya fito yana da ƙafa shida, bai fara shan jini ba tukuna. Zai yi saɓa ya fara sha, ya sake saɓa, ya sake, ya zama babba. Daga ƙwai zuwa macen da za ta zuba nata ƙwan, kwana 7 na iya isa. Mace takan zuba ƙwai 4 zuwa 8 bayan kowane sha, a tsawon rayuwarta kuma ta kai wajen 30.

Ku ɗauki fensir mu gwada. Mace ɗaya, ƙwai 30. A ce rabi mata ne, 15 ke nan. Kowace ta zuba 30, an sami 450. Rabinsu 225, kowace 30, an kai 6,750. Ba duka ke rayuwa ba, amma ai ba da mace ɗaya ake farawa ba. Wannan ne ya sa akurkin da yake lafiya lau a farkon damina yakan cika maƙil kafin a kai kaka. Ƙwaron yana son zafi matsakaici da iska mai laima, bushewar hunturu kuma tana rage masa ƙarfi, ko da yake ba ta gamawa da shi.

Abu biyu kuma na da muhimmanci. Na farko, yana jure yunwa ƙwarai: zai iya yin wata takwas ko fiye a ɓoye bai sha jini ba. Don haka kwashe kaji a bar akurki wayam na wata guda ba magani ba ne, ranar da aka dawo da su liyafa ce aka kai masa. Na biyu, ba ya jure zafin da ya haura digiri 45. Wannan rauni nasa da shi za mu yi aiki, kuma mu da muke da ranar bazara ba sai mun sayi zafi da kuɗi ba.

Kada a rikita shi da sauran. Ƙwarƙwatar kaji a jikin kaza take dare da rana, ruwan ɗorawa-ɗorawa ce, tana gudu in an buɗe gashi, ƙwanta fari ne a dunƙule a gindin gashi. Ƙuman da ke maƙalewa baƙi ƙirin a kewayen ido da zanko shi ma daban ne, ana kashe shi da shafa masa man shafawa mai kauri. Akwai kuma ɗan'uwan jan ƙuma na ƙasashe masu zafi, wanda yake zama a jikin kaza da sheƙarta, musamman ƙarƙashin wutsiya. Shi dole a haɗa da yi wa kazar kanta magani. Wadda ta yi tarayya da jan ƙuma a hali ita ce kaskar kaji, mai faɗi da laushin jiki, wadda ta yawaita a ƙasashenmu na Arewa. Ita ma a tsagar katako da ɓawon bishiya take yini, da dare ta fito, tana kawo zazzaɓin da ke sa kaji zawo da shanyewar ƙafa, kuma ta fi shi jure yunwa nesa ba kusa ba. Wankin da za mu koya yana kama su duka biyun.

Yadda ake kama shi

Bayan sallar isha'i, a ɗauki tocila da farin ƙyalle. A haska ƙarƙashin sandar kwana da bakinta inda ta haɗu da bango. A goga ƙyallen a ƙarƙashin sandar da ɗan ƙarfi. In ya fito da jirwayen jini, magana ta ƙare. Da rana kuma a duba bakin tsaga da kewayen kan ƙusa: za a ga wani gari-gari fari da baƙi ya taru, kashin ƙwarin ne da saɓarsu. A zura bakin wuƙa cikin tsagar a ja, a ga abin da zai biyo ta.

Akwai tarko mai sauƙi. A yanki guntun kwali irin mai ramuka a tsakiya, a naɗe shi, a ɗaure a ƙarƙashin sanda. Bayan kwana biyu a kwance shi da safe a kakkaɓe a kan farar takarda. Ƙwarin suna ɗaukar ramukan kwalin a matsayin gida. Wannan tarko shi zai riƙa gaya muku gaskiya bayan wanki, ko aiki ya ci ko da saura. A ƙone kwalin kowane lokaci a sa sabo.

Ranar wanki

A zaɓi ranar da gari ya waye tas, a fara da sassafe don katako ya bushe kafin magariba. A sako kaji, ko a kife su da kwando a inuwa nesa da wurin. Mai aikin ya sa tsofaffin kaya, ya rufe kai, ya ɗaure hanci da baki da takunkumi ko ƙyalle, domin ƙurar busasshen kashin kaji tana cutar da huhu. Yara su yi nisa, saboda ruwan zafi za a ɗauka.

Da busasshen aiki ake farawa, kafin a taɓa ruwa. A kwashe shimfiɗar ƙasa duka, dusar katako ce ko ɓuntun shinkafa, a zuba a buhu nan take a ɗaure bakinsa. Kada a share ta zuwa bakin ƙofa a tara, domin kafin a dawo kwasa ƙwarin sun watse sun koma. Ciyawar sheƙa da tsummokara da kwalaye a ƙone su. Shimfiɗar da ke da kashi taki ce mai kyau, ba sai an yi asararta ba: a kai ta gona ko a binne ta a ramin taki mai nisa da kaji.

Sai a ciccire duk abin da ke ciruwa. Sandunan kwana, akwatin ƙwai, ƙasan da ake zarewa, mazubin abinci da na ruwa. In an rufe saman katako da leda ko buhu kafin a ɗora kwano, a ɗaga a duba, domin nan ne babban gari, kuma nan aka fi mantawa. In rufin ciyawa ne kuma ya kamu, babu wankin da zai fitar da su. A sauke a ƙone a yi sabo. Daga nan a ɗauki tsohuwar wuƙa ko guntun langalanga a kankare kashin da ya daskare. Wannan mataki yana da gundura, amma kada a tsallake shi. Ƙwarin suna fakewa a ƙarƙashin busasshen kashi, kuma kowane irin magani aka fesa a kan ƙazanta, ƙazantar ce ta sha.

Yanzu ruwan zafi. Butar ƙarfe mai dogon baki ta fi bokiti amfani a nan, saboda ba jiƙa bango muke so ba, cika tsaga muke so. A fara daga sama a gangaro, a bi kowace mahaɗa, kowace tsaga, ramin ƙusa, bayan marfin ƙofa, da gurbin da sanda ke zama. Ruwan ya kasance yanzu aka sauke shi daga wuta. Wanda ya huce wanka kawai zai yi musu. Tafasasshen ruwa yana kashe babba da yaro da ƙwai, abin da magungunan feshi da yawa ba sa yi. Bayan haka a kaɗa garin sabulu a ruwan ɗumi ya yi kumfa sosai, a bi ko'ina da buroshi mai tauri. Sabulu yana wanke maiƙon da ke kare jikin ƙwaron. A dakata minti goma zuwa sha biyar a zuba ido. Za ku ga waɗanda suka tsira suna fitowa daga tsaga suna hawa sama, wani lokaci har katakon ya yi kamar yana motsi. Inda suka fito, nan za a koma da buta. A ɗauraye, a kuma zuba ruwan zafi a ƙasan da akurkin yake tsaye, tunda ruwan wanki ya gangara da masu rai. In akurkin mai ɗaukuwa ne, a sauya masa wuri.

Abubuwan da aka ciro a wanke su haka nan, a baje a rana. Wanda ke son ƙarin tabbaci ya naɗe sanduna da akwatin ƙwai cikin baƙar leda ya ajiye a tsakar rana tun hantsi har la'asar. A watannin Maris da Afrilu zafin da ke taruwa cikin ledar ya wuce abin da ƙwaron zai iya ɗauka. Wasu suna bin tsaga da harshen wuta. Yana kashewa, amma busasshen katako kusa da danga da rumbu ba wurin wasa da wuta ba ne, ban ba da shawararsa ba.

Mai son amfani da maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin wanda ake wanke bayan gida da shi, ya sa shi bayan an gama wanki, ya kuma san cewa ƙwayoyin cuta yake kashewa, ba a dogara da shi kan ƙuma. Ruwan bilic kuwa kada ya haɗu da tarin kashin kaji, haɗuwarsu tana tayar da iska mai ƙona ido da ƙirji.

In katako ya bushe sarai, a dama farar ƙasa da kauri a shafe ciki, a cusa ta cikin tsaga da buroshi. Tana toshe kafofi, kuma a kan farin bango ƙwaro ba ya ɓoyuwa wa ido. A shafa man girki, ko na gyaɗa ko manja, a bakin sanduna biyu da gurbinsu; mai yana toshe wa ƙwaron hanyar numfashi, yana kuma tare shi a kan hanyarsa ta zuwa wurin kaza. Sai a barbaɗa tankaɗaɗɗiyar tokar icce a kusurwoyi da ƙasan sheƙa kafin a zuba sabuwar shimfiɗa. A shagunan kayan kiwo akan sami wata farar hoda da ake kira dayatom, wadda take goge fatar ƙwaro har ya bushe ya mutu. Ta fi toka ƙarfi, amma su biyun sai a bushe suke aiki, kuma jiƙaƙƙiyar toka tana cin ƙafar kaza. Busasshen ganyen darbejiya a cikin sheƙa yana taimakawa wajen kora, sai dai shi kaɗai ba zai ci akurkin da ya riga ya cika ba.

Da an gama, mai aikin ya tuɓe kayansa a waje ya jiƙa su a ruwan zafi, ya yi wanka da sabulu. Jan ƙuma yana cizon mutum ya bar ƙuraje masu ƙaiƙayi, ko da yake ba ya zama a jikinmu.

Komawa ita ce aikin

Duk iya ƙoƙarin mutum, akwai ƙwan da ruwa bai kai gare shi ba. Cikin kwana uku ya ƙyanƙyashe, cikin bakwai ya fara zuba nasa. Saboda haka a koma a rana ta biyar ko ta shida, kafin sabbin su balaga. Ba sai an sake kwashe komai ba: buta, sabulu, mai a bakin sanda, toka. A sake na uku bayan wasu kwana biyar ko shida. Wanda ya yi wanki ɗaya mai kyau ya tafi, ya kashe maciji bai sare kansa ba, bayan wata guda zai ce maganin ne ba shi da kyau. Bayan zagaye na uku a bar tarkon kwali ya yi hukunci.

A tsakanin nan a kula da kajin. A ba su abinci mai kyau da ganye irin su zogale da alayyafo, da ruwa mai tsabta, su mayar da jininsu. A tanadar musu wurin birgima a inda ruwan sama ba ya taɓawa, yashi mai laushi gauraye da toka. Mai kwanci a yi mata sabuwar sheƙa a wani wuri, a goge ƙwan da busasshen ƙyalle, a mayar da ita da yamma liƙis kafin duhu ya kama.

Maganar guba

Da yawa in ƙuma ya ishe su sai su ɗauko fiya-fiya ko maganin feshin gona su yi wa akurki wanka, wasu har kazar. Wannan ganganci ne. Yana kashe 'yan tsaki, yana shiga ƙwai da nama, yana kama ƙirjin mai fesawa. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari na Sniper da ire-irensa a kasuwanni da kantuna saboda yadda ake amfani da su ba bisa ƙa'ida ba. A Turai ma, inda ƙwaron ya addabi mafi yawan gonakin kajin ƙwai, an ga ƙarshen irin wannan gajeriyar hanya a 2017: aka gano an yi feshin ƙuma da wani sinadari mai suna fifuronil, wanda doka ta hana a kusantar da shi ga dabbar da ake ci, a gonakin Holan da Beljiyam. Aka janye miliyoyin ƙwai daga kantuna, aka rufe gonaki masu yawa. Baƙin man mota da kananzir da ake shafa wa katako su ma suna kashe ƙwaro, amma kaza a kai za ta kwana, ƙwanta kuma yaranmu za su ci. Man girki ya wadatar.

In abin ya fi ƙarfin ruwan zafi, a je wurin likitan dabbobi ko malamin gona. Akwai magungunan feshi da aka yi domin ɗakin kaji, akwai kuma na zamani mai suna Exzolt da ake sa wa kaji a ruwan sha sau biyu, kwana 7 tsakani, ƙwaron ya sha jini ya mutu. Kowanne aka ba ku, ku tambayi abu uku: nawa ake awo, a fitar da kaji ko a bar su, kuma kwana nawa za a yi kafin a ci ƙwai ko nama. Kada a rage awo don tsimi, yin haka ne ke sa ƙwarin su saba da magani ya daina kama su.

Wurin kafinta

Rabin wahalar wanki tun ranar da aka ƙera akurki ake sayenta. Ga yadda wata mai kiwo za ta iya yin ciniki:

"Malam, don Allah a goge katakon ya yi sumul, kuma sandar kwanan nan kada a buga mata ƙusa. A yi mata gurbi in riƙa ɗagawa."

"Hajiya, ai da ƙusa ta fi ƙwari."

"Na sani, Malam, amma wanki nake dubawa. Akwatin ƙwan ma a yi shi mai ciruwa, ƙofar kuma ta yi faɗin da hannuna zai kai kowace kusurwa. Kada a ninka katako biyu, kada a sa leda ƙarƙashin kwano."

Wanda ya rataye sandar da waya daga sama, ba ta taɓa bango ba, ya shafa wa wayar mai, ya rage wa ƙwaron hanya ƙwarai. Icce mai ɓawo kuwa a fere shi kafin a sa, ƙarƙashin ɓawo maɓoya ce.

Ƙwaron yakan shigo gida ta sabuwar kaza daga kasuwa, ta tsohon keji da aka saya na hannu, ta kiret ɗin ƙwai na kwali da ke yawo daga gona zuwa gona, ta sheƙar tattabaru da tsuntsayen da ke kwana a rufi, har ta jikin ɓera. Sabuwar kaza a ware ta mako biyu. Tsohon keji ya sha tafasasshen ruwa tun a ƙofar gida.

Aikin yi

1. Me ya sa ba a cika ganin jan ƙuma a jikin kaza da rana ba?
2. Wani ya wanke akurkinsa ranar Asabar, 3 ga wata. Rubuta ranakun da ya kamata ya koma zagaye na biyu da na uku.
3. Maƙwabcinka ya ce zai kwashe kajinsa ya rufe akurki wata guda yunwa ta kashe ƙuma. Me za ka ce masa?
4. A daren yau kowa ya goga farin ƙyalle a ƙarƙashin sandar kajinsa, ya ɗaura tarkon kwali. A zo da ƙyallen da kwalin aji na gaba, a ƙulle cikin leda.